Motsin ruwa a tankin kifi: abin da ya sa na cire famfon da ka saka

Ɗana, ka tambaye ni jiya muna dawowa daga gidan Hajiyar nan ta Tudun Wada: tunda kifayenta kan taso sama da asuba suna buɗe baki, kai kuma ka saka musu famfo mai ƙarfi don su samu iska, me ya sa na cire shi na mayar da ƙarami? Na ga ranka bai so ba. Tunaninka kuwa bai kauce ba, iska ce ta yi musu ƙaranci. Wurin magani ne hannunka ya yi nauyi.

Fara da sanin ta inda iska ke shiga ruwa. Ta saman ruwa take shiga, inda fuskarsa ta haɗu da sarari. Kumfan nan da kake gani yana tasowa daga dutsen iska, wanda masu saye suka fi so saboda kyau, abin da yake zubawa a ruwa na oksijin kaɗan ne. Babban aikinsa shi ne ya ɗago ruwan ƙasa zuwa sama, ya kuma fasa fuskar ruwan. Ruwan da ya kwanta lif, samansa kaɗai ke shan iska, ƙasa kuwa tana nan a shaƙe. Da hunturu ma abin ya fi muni, don ƙura da maiƙon abincin kifi kan yi wata 'yar yana a sama, kamar yanar kunu idan ya huce, ta rufe ƙofar gaba ɗaya.

Sai kuma zafinmu na Gombe. Ruwa mai sanyin digiri 20 yana riƙe oksijin kusan miligiram 9 a kowace lita. Idan ya kai digiri 30, sai ya sauko wajen 7 da rabi. A lokacin kuma jikin kifi ya fi buƙatar iska, don zafi na hanzarta komai nasa. A watan Maris da Afrilu, da rana ke kai digiri 40 a waje, falon da ba sanyi ruwansa kan haura 30 cikin sauƙi. Ga shi Hajiya ta sa tsirrai masu rai a tankin. Da rana suna fitar da oksijin, da dare su ma sha suke yi. Shi ya sa da asuba ne kifayen ke tasowa, lokacin da iskar ta kai ƙarshen ƙarancinta.

To, mu yi lissafi. Tankin tsawonsa santimita 90, faɗi 40, tsayi 45. Ka ninka su ka raba da dubu, lita 162 ke nan. Cire tsakuwa da duwatsu da ɗan sararin da muke bari a sama, ruwan gaske bai wuce lita 140 ba. A tankin ruwan daɗi irin wannan, muna son ruwan duka ya ratsa filta, wato matatar ruwan tankin, sau 4 zuwa 6 a awa ɗaya, wato famfo mai lita 600 zuwa 800 da ɗoriya. Wanda ka saka an rubuta lita 2000 a kwalinsa. Gaskiya ne abin da ke kwali ba ya cika, domin sun auna shi ne babu soso, babu hawan tiyo, amma ko ka rage masa kashi ɗaya cikin uku, ya ninka abin da ake so.

Ka tuna yadda jan kifin nan mai doguwar jela ya yi da ka kunna? Ya juya kai yana fuskantar ruwan, yana kaɗa jiki iya ƙarfinsa, amma bai motsa daga inda yake ba, har ruwan ya kwashe shi ya manna shi da gilashi. Shi kuma enjel, kifin nan mai faffaɗan jiki kamar faifai, ya shige bayan dutse bai sake fitowa ba. Asalinsa ruwan Amazon ne mai tafiya a hankali cikin saiwoyi. Kifin da ya kwana yana kokawa da ruwa gajiya yake yi, ya daina cin abinci, jelarsa ta yayyage, daga nan cuta ta samu ƙofa. Ka ƙara musu iska, ka kuma sa suna ƙone ta fiye da da. Beta ma, wani ƙaramin kifin ado, ya fi su rauni a nan. Daga fadamun shinkafa na Tailan ya fito, yana iya shaƙar iska daga sama kamar tarwadarmu, kuma ƙaramar filtar soso mai aiki da iska ta ishe shi.

Ka je bakin Gongola ƙasan dam ɗin Dadin Kowa ka tsaya kusa da masunta. Tsakiyar kogi na gudu, amma bayan kowane dutse akwai inda ruwa ke juyawa a hankali, nan kifi ke fakewa yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Haka nake son tanki ya zama: akwai inda ruwa ke tafiya, akwai wurin hutawa, amma babu lungun da ya mutu.

Mataccen lungu shi ne ɗaya gefen matsalar, kuma shi ne ya fi yawa a tankunan da ake kiranmu gyara. Kashin kifi da ragowar abinci su taru bayan dutse, gansakuka mai santsi ta shimfiɗu a kai, in ka tona tsakuwar wurin ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwa ba ya tsami banza. Bakteriyar da ke cikin soson filta tana cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga dattin kifi, ita ma da oksijin take aiki, sai ruwa ya riƙa kai mata.

Abin da na yi jiya ka gani, amma ga dalilinsa. Na ɗaga bakin famfon zuwa ɗan yatsa biyu ƙasa da fuskar ruwa, na juya shi ya bi tsawon tankin. Ruwan ya bi sama, ya daki gilashin can gefe, ya sauka, ya dawo ta ƙasa yana share datti zuwa bakin filta. Fuskar ruwan ta riƙa ɗan rawa kamar tafki da iskar yamma, ba tare da fantsama ba. Sai na jefa ɗan garin abinci muka bi shi da ido. Inda ya je ya tsaya cak, na matsar da dutsen. Idan ba ka da ƙaramin famfo a hannu, ka samu tiyo ka huhhuda shi a jere, ka toshe ƙarshensa, ka sa a bakin babban. Ruwan da ke fita ta rami guda da ƙarfi sai ya rarrabu.

Batun wuta kuma kada ka raina shi. Farkon shigata wannan sana'a, wani dare na bazara aka ɗauke wuta, kafin gari ya waye na kwashe kifaye matattu daga tankuna biyu, har yau ina jin zafin abin. Duk wanda muka haɗa wa tanki, ka nuna masa injin iska mai batir. In babu, ya riƙa ɗebo ruwan da kofi yana zubawa daga sama lokaci zuwa lokaci, kuma kada ya ba su abinci sai wuta ta dawo. Injin iska a ɗora shi sama da ruwa, ko a sa masa bawul mai hana komowa, in ba haka ba ruwa zai biyo tiyo ya malale a kafet. Filtar da ta yi awanni a tsaye, a wanke sosonta da ruwan tankin kafin a kunna.

Jibi da sassafe, bayan sallar asuba, kai za ka koma gidan Hajiya. Ka duba ko kifayen na sama ko sun bazu, ka ga ko enjel ya fito daga bayan dutse, ka auna zafin ruwan, ka zo ka faɗa mini. Babban famfon kuwa ka ajiye shi, akwai tankin karfasa mai lita 400 da za mu haɗa mako mai zuwa.