Na ci naman sallah sikeli ya ƙaru da kilo 3, tirenin ɗina ya lalace ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan an yi sallah lafiya. Ni ɗan ɗaga ƙarfe ne nan Mabera cikin Sakkwato, kilo na 75, kullum ina kiyaye abin da nike ci amma wagga sallar na saki jiki, kwana biyu ina zagayen gidajen 'yan'uwa duk inda na shiga sai an aje man soyayyen rago da masa da lemu, ga hura da dare. Na hau sikeli na ga 78. Abokaina na jim sunka ce in yi kwana uku ba ci sai ruwa. Don Allah kitse ne wanga? Kuma irin wanga ci na lokaci-lokaci shina ɓata tsoka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah maimaita mana. Ka kwantar da hankalinka, mafi yawan kilo ukun nan ruwa ne da abincin da bai gama fita daga hanjinka ba, kuma maganar abokanka ta kwana uku ba ci ka ajiye ta gefe.

Bari mu yi lissafi. Kafin jikin mutum ya tara kilo 1 na kitse sai ya ci rarar kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 7,700, wato ƙari bisa abin da jikin ke ƙonewa. Kilo 3 kenan sai rarar da ta haura 23,000. Saurayi mai kilo 75 da ke tirenin yana ƙone wajen 2,500 zuwa 2,800 a yini, to ko da a ce kowace rana cikin biyun nan ka ɗora 1,500 bisa na kullum, jimla 3,000 ne, bai ma kai rabin kilo na kitse ba.

To sauran daga ina? Masa da shinkafa da hura da lemu duk suna komawa suga cikin jini, jiki kuma yana da rumbu cikin tsoka da hanta inda yake ajiye sugan nan, ana ce ma ajiyar gilaikojin. Tsoka na ɗaukar gram 400 zuwa 500, hanta wajen gram 100, kuma kowane gram ɗaya da anka ajiye yana jawo ruwa wajen gram 3 tare da shi. Ku masu ɗaga ƙarfe kuna yawan kwashe rumbun nan wajen tirenin, musamman irinku da ke takura ma kanku wajen cin tuwo da shinkafa, shi ya sa ranar da kunka ci da yawa sai ya cika maƙil, sikeli ya yi tsalle. Ga kuma gishiri da magi da yajin da anka barbaɗa ma naman, shi ma riƙe ruwa yake. Duba da kyau, ƙila ka ga agogo ko zobe ya ɗan matse ka, safa ta bar maka zane ga ƙafa, amma damtsenka ya fi cika cikin riga. Ruwan ne duka. In ka koma cin abincinka na kullum, cikin kwana uku zuwa mako guda za ka ga ya sauka da kansa.

An ma gwada wannan. A 2020 masu bincike na Jami'ar Bath a Ingila sunka sa samari 14 masu lafiya cin fiza, wata rana su ci su ƙoshi daidai, wata rana su ci har sai sun kasa ƙara ko loma ɗaya. A rana ta biyun sun ci ninki biyu, sama da kalori 3,000 a zama guda, amma sugan jininsu bai wuce na ranar farko ba, insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini, shi ne ya ƙaru da wajen rabi don ya kwashe aikin. Abin da sunka fi kuka da shi kasala ce da jin barci. Amma ka lura samari ne lafiyayyu, kuma ci ne na zama ɗaya.

Batun tsoka kuwa, ci da yawa na kwana biyu ba ya cinye ta, kuma kar ka ruɗi kanka ba ya gina ta. Na san akwai masu cewa ai nama furotin ne a ci kawai ƙwanji ya fito. Abin da ɗan ɗaga ƙarfe ke buƙata gram 1.6 zuwa 2.2 ne na furotin ga kowane kilo na jikinsa a yini, kai kenan gram 120 zuwa 165, kuma dafaffen nama gram 100 yana ba da wajen gram 25. Rabin kilo na tsokar nama ya biya maka buƙatar yini. Abin da ya haura haka jiki ƙone shi zai yi, ba ya ajiye shi ya gina maka kafaɗa mako mai zuwa. Kuma naman layyarmu ai kowa ya san yadda ake yinsa, cikin kitsen ragon kansa ake soya shi har ya yi ƙayau don ya daɗe bai lalace ba, ga kayan ciki ga wutsiya. Kitse gram ɗaya kalori 9 ne, furotin da sitaci 4 ne kawai, don haka ɗan kwanon nan na soye da kake tsinta kana hira ya fi yadda kake zato nauyi.

Inda nake ja maka kunne shi ne shiga jim da cikakken ciki. Ka ɗaure bel ka riƙe numfashi ka durƙusa da ƙarfe bisa kafaɗa alhali ciki na cike da nama, matsin nan zai turo ruwan ciki sama, sai ƙwannafi, wani har amai. Abinci mai maiƙo yana daɗewa bai bar ciki ba, ka ba shi aƙalla awa 3 kafin ka taɓa ƙarfe mai nauyi, in cin ya yi yawa ƙwarai ka bari sai gobe. Ga zafin Sakkwato, jini ya tafi wajen narkar da abinci, gumi na zuba, jiri ba ya da wuyar ɗibar mutum. Haka kwanciya, kar ka sha hura ka miƙe nan take, barcin ba zai yi daɗi ba kuma a barci tsoka ke gyaruwa.

Shi kuwa zama da yunwa kwana uku, shi ne zai iya taɓa maka tsokar da kake tsoron rasawa, ƙarfinka ya faɗi, kuma ranar da ka buɗe baki sai ka ci fiye da na sallar. Gobe ka karya kamar kullum, ka sha ruwa sosai, ka sa ganye ko zogale cikin abinci saboda nama zalla yana ɗaure ciki, ka ɗan taka da yamma. Ranar da ka koma jim ma ƙila ka ga ƙarfen ya yi maka sauƙi tunda rumbu cike yake, to ka mori abinka.

Abu ɗaya dai, ka faɗa ma kanka gaskiya game da lokaci-lokacin nan. Sallah sau biyu ce a shekara, amma in kowace Asabar akwai walimar ɗaurin aure, Lahadi suna, dare kuma wajen mai balangu, rarar 3,000 duk mako cikin wata biyar ta kai kilo 8, tumbi ne zai fito ba ruwansa da yawan bencin da kake bugawa. Kuma duk bayanin nan na mai lafiya ne. In kana da ciwon suga ko hawan jini ko olsa ko matsalar ƙoda, ci ɗaya mai yawa na iya tayar maka da ciwon, sai ka bi abin da likitanka ya tsara maka. In kuma ka ga kana ci har ba ka iya tsayawa, kana ɓoyewa kana ci, daga baya ka sa yatsa ka yi amai ko ka azabtar da kanka da tirenin, wannan lalura ce da ake magani, ka je asibiti ka yi bayani ba kunya.

Sikelin nan ka ƙyale shi har mako ya zagayo, sannan ka hau da safe bayan ka zaga, kafin ka ci komi.