Zafin tiyata bayan ba da hanta

Tambaya: Likita, zan ba yayana ɓangaren hantata a Indiya. Zafin bayan tiyata nake tsoro. Daga mai sayar da atamfa, Agege, Legas.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Akwai allurar gadon baya da ake barin siririn bututu yana ɗiga maganin kashe zafi har kwana 3. Damuwata da ita, bayan yanke hanta jini kan yi jinkirin daskarewa, cire bututun sai da taka-tsantsan. Na fi natsuwa da allurar mofin (maganin kashe zafi mai ƙarfi) guda ɗaya a ruwan da ke kewaye da lakar gadon baya, mai aiki kusan awa 24, a haɗa da allurar jijiyoyin bangon ciki. Tun kina Legas, ki tambayi likitan sa barci na asibitin Indiya wacce suka saba yi.