Kwas kan sadarwa da al'adun intanet: zai ƙara maka wani abu?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kana tambaya ko wannan kwas zai amfane ka, tunda kullum kana kan Facebook da WhatsApp.

Zai amfane ka, amma ba danna waya za a koya maka ba. Yawanci ana farawa da tarihi: yadda ARPANET, hanyar haɗa kwamfutoci da ta zama tushen intanet, ta fara aiki a Amurka a 1969, da yadda Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a 1989. Wannan hadda ce kawai.

Inda gizo ke saƙar shi ne dalilin da ya sa kake ganin abin da kake gani. Kuɗin dandali irin su Facebook galibi daga talla suke fitowa, don haka manhajar da ke zaɓo maka rubuce-rubuce tana fifita duk abin da zai riƙe ka a kan allo, kuma abin da ke tunzura zuciya ya fi riƙe mutane. A ganina wannan darasin kaɗai ya isa dalilin shiga. Za ku kuma duba yadda rubutu ba shi da murya, har raha ta koma faɗa. Saboda haka ne wani masanin kwamfuta, Scott Fahlman, ya ba da shawarar alamar murmushi :-) tun 1982, don nuna cewa wasa ake yi.

Kuskuren ɗalibai da yawa shi ne ɗaukar hoton hirar mutane a saka cikin aikin makaranta ba tare da izininsu ba. Tambayi malaminka ƙa'idar bincike tukuna. Idan kuwa matsalarka barazana ce ko ɓata suna, lauya za ka nema, kwas ba zai magance ta ba.