Dalilin yin hoton MRI bayan sikanin kullutu

Ka tambayi dalilin da ya sa likita ya tura ka hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da inji mai maganaɗisu, alhali an riga an yi wa kullutun cinyarka sikanin. Sikanin yana aiki da sautin da kunne ba ya ji, kuma yakan bambance kullutun ruwa da na kitse idan suna kusa da fata, amma ba ya nuna abin da ke zurfi sosai. Idan kullutu ya wuce santimita 5, ko yana cikin tsoka, ko yana girma da sauri, MRI ne ke bayyana iyakarsa da kusancinsa da jijiyoyi da ƙashi.

Yawancin irin waɗannan kullutu ba ciwon daji ba ne, amma hoto kaɗai ba ya tabbatarwa, sai an ɗebi ɗan nama da allura an bincika. Ina roƙonka kada ka bari a yanke shi kafin hoton, domin tiyatar da aka yi cikin gaggawa ba tare da hoton ba tana iya barin ragowar ciwo, ta wahalar da magani daga baya. Idan akwai ƙarfe ko na'urar bugun zuciya a jikinka, ka sanar da ma'aikatan kafin ka shiga injin.