Baƙi suna zuwa sujada sau ɗaya, ba sa dawowa

Ɗan'uwa, ka ce ikilisiyarku ba ta wuce mutum talatin ba, kuna son juna, amma baƙo in ya zo Lahadi ɗaya sai ya ɓace. Sau da yawa wannan son junan ne ke rufe ƙofa: ana tashi daga sujada kowa ya nufi wanda ya sani, baƙo yana tsaye shi kaɗai da takardar shiri a hannu, ya rasa wanda zai yi wa magana.

Ku sa mutum biyu, namiji da mace, a bakin ƙofa minti ashirin kafin a fara. Su gai da baƙo, su ji sunansa, su nuna masa wurin zama da inda yara ke taruwa. Wani ya zauna kusa da shi ya taimaka masa neman waƙa da aya. Minti goma na farko bayan addu'ar rufewa kuwa, a bar hirar gida tukuna, a fara da baƙi. Cikin kwana uku wanda ya tarbe shi ya kira shi, in ya yarda ya ba da lamba.

Kada ku tilasta masa tsayawa gaban jama'a ya yi bayanin kansa, ko ku ɗora masa aiki tun zuwan farko. Kada kuma a fifita mai kyawawan kaya wajen ba da wurin zama. Yakub 2:1-4 ya tsawata a kan haka.

Maganar baftisma da Jibin Ubangiji ku bar wa fasto da dattawa. In baƙon ya ambaci cewa ana dukansa a gida ko tunanin kashe kansa, ku haɗa addu'a da kai shi wurin likita ko hukuma nan take.