Tambaya da Amsa: Na Sayi Fawa Baik Amma Ƙafata Ba Ta Kai Ƙasa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni a Agege nake zaune, ina sana'ar waya a Ikeja. Shekara uku ina tari har Allah ya nufa na sayi Yamaha R6 tokumbo, amma wallahi tun da na kawo shi gida hankalina bai kwanta ba, don ni gajere ne, tsawona ƙafa 5 da inci 4, in na hau kan yatsuna ne kawai ke taɓa ƙasa su ma da ƙyar. Satin da ya wuce a gosulon Oshodi wata danfo ta ci birki a gabana, na tsaya na sauke ƙafa ashe akwai rami a wurin, mashin ya kwanta da ni madubi ya karye. Wani bakanike ya ce in kawo masa ya yanke sifirin ɗin baya ya rage iskar taya shikenan zai sauko. In kai masa ne ko in sayar da abina in huta? Daga wani mai karatu, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, sannu, Allah ya tsare gaba, mun gode Allah da abin ya tsaya a madubi. Kafin komai, don Allah kar ka kai masa. Sifirin ɗin nan an auna shi ne da tsawon shok ɗin, in aka yanke shi zai iya yin sako-sako a mazauninsa, kuma mashin zai riƙa dukan ƙarshe duk ramin da ka faɗa. Rage iska kuwa ya fi wannan haɗari, taya mara iska zafi take ɗauka, ta ƙi bin kwana, kuma rami ɗaya a hanyar Abeokuta ya isa ya lanƙwasa maka rim. Duk don tazarar da ba ta kai kaurin yatsa ba.

Toh bari mu yi maganar mashin ɗin kansa. Gaskiya ka ɗauko ɗaya daga cikin mafiya tsawo a ajinsa, sit ɗin R6 milimita 850 ne daga ƙasa, wajen inci 33 da rabi, nauyinsa kuma kusan kilo 190 in da mai a tanki. An ɗaga shi ne da gangan saboda na filin tsere ne, ana so a kwantar da shi sosai a kwana ba tare da cikinsa ya goga kwalta ba. Kuma ba tsawonka gaba ɗaya ne abin dubawa ba, tsawon ƙafarka ne daga matsematsi zuwa ƙasa. Ka sa takalmin da kake tuƙi da shi ka jingina da bango, wani ya auna maka da tef ɗin tela, ka rubuta, sai ka san santimita nawa kake nema maimakon a yi ta kame-kame.

Ni in ni ne da sit zan fara, shi ya fi arha kuma shi ne ba ya taɓa yadda mashin ke tafiya ko kaɗan. Cire shi ka kai wa masu ɗinkin kushin, su buɗe ledar su feƙe soson. Amma ga inda mutane da yawa ke kuskure, sai su ce a rage sama kawai, alhali faɗin sit ɗin shi ne ke ware maka cinyoyi ya cinye tsawon ƙafar, don haka ka ce su fi ba da ƙarfi a gefe da gefe, can gaba inda sit ya haɗu da tanki, su siranta wurin. Za ka sha mamaki yadda ƙafa za ta miƙe ta sauka. Ka zauna a wurin ana yi kana gwadawa kaɗan-kaɗan, don soson irin wannan mashin dama ba shi da kauri, santimita ɗaya ko biyu ne za ka samu, in aka wuce gona da iri a kan roba za ka zauna kuma kafin ka ƙetare gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 ka gaji. Ka haɗa da takalmi but mai kaurin ƙasa, mai rufe idon sawu, amma ka tabbata bakinsa yana shiga ƙarƙashin abin canza giya ba tare da ya maƙale ba.

Sai shok. R6 yana da wurin sassauta sifirin gaba da baya ba sai an yanke komai ba, kuma yawancin tokumbo suna zuwa ne a ɗaure yadda mai shi na farko ya bari, wataƙila wani ƙato ne mai kilo 90, kai kuma in ba ka da jiki sai ka hau mashin ya ƙi nutsewa. Abin da ake so a mashin na titi shi ne in ka zauna da kayan tuƙinka ya nutse kamar milimita 30 zuwa 35 daga yadda yake in an ɗaga taya sama. Ka samu mutum biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya auna. In bai kai haka ba a sassauta har ya kai, wannan gyara ne ma ba ragewa ba. Amma kar a kwance shi gaba ɗaya don neman ƙasa.

In duk an yi wannan bai isa ba, sannan a zo maganar linki, wasu ƙarafa ne da ke haɗa shok na baya da ƙafar taya, ana sayar da waɗanda aka ƙera don su sauke bayan mashin. Yana aiki, ba zan ce ba ya yi ba, sai dai yana da sharuɗɗa kuma nan ne nake so ka natsu. In ka sauke baya kawai ka bar gaba, kan mashin zai yi nauyin juyawa, ka shiga kwana ya riƙa buɗewa yana kai ka waje. In gaba aka fi saukewa sai kai ya yi rawa a gudu. Don haka ake sassauta notikan da suka riƙe sandunan shok na gaba a tura su sama kaɗan don gaba da baya su daidaita, shi ma da iyaka, don in ka wuce, ranar da ka ci birki da ƙarfi madigadi ko taya za su iya dukan lagireto. Bayan nan dole a rage tsawon sitan, in ba haka ba mashin zai tsaya a miƙe ƙyam, ɗan turi kaɗan a wurin fakin ya faɗi ta dama. A sake duba ɗaurin cen, a gyara saitin fitila. Kuma linkin ya zama na kamfani wanda aka yi wa wannan samfurin, ba wanda mai walda ya yanko daga wani ƙarfe ba, duk nauyinka da na mashin a kansa yake, in ya karye kana gudu baya ne zai zauna a kan taya.

Abin da ya sa nake ɗari-ɗari da linki a Legas shi ne hanyoyinmu. Salansar R6 tana bi ta ƙarƙashin ciki, duk abin da ka rage daga sama ka rage shi ne daga tazarar da ke tsakaninta da ƙasa, ga tudun rage gudu a kowane layi wasu kamar kabari, ga hawa kan kwalbati in za ka shiga gida, ga damina in ruwa ya rufe ramuka ba ka ganin komai. Ni ba na ba mutum shawarar ya wuce santimita biyu zuwa biyu da rabi.

Amma ka san abin da ya kayar da kai a Oshodi? Neman sauke ƙafa biyu ne. Masu irin wannan mashin da yawa ba sa taka ƙasa da ƙafa biyu. Kafin ka tsaya ka zaɓi wurin da idonka, ka zame mazaunanka zuwa hagu, ka dasa ƙafar hagu gaba ɗayanta a ƙasa, ta dama tana kan birkin baya, kan mashin a miƙe kar ka tsaya da shi a karkace, kuma a tafiyar gosulo ka rage damƙar birkin gaba da ƙarfi don shi ke sa mashin ya dunguri ya rinjaye ka. Ka samu fili ranar Lahadi da safe ka yi ta tashi kana tsayawa sau hamsin har jiki ya saba. Dani Pedrosa ɗan ƙasar Sifen tsawonsa mita 1.58 ne, ka fi shi tsawo, amma ya ci kambun tseren mashin na duniya a 2003 da 2004 da 2005 a ƙananan aji, sannan ya yi wa Honda tsere a babban aji, wato MotoGP, daga 2006 zuwa 2018. Na san shi ba ya tsayawa a bayan danfo, amma dai ya nuna in taya na juyawa tsawo ba ya cikin lissafi. Kar ka sayar tukuna, ka ba kanka wata biyu.

TAMBAYA: Malam ni Boxer na saba hawa, ina so in koma babban mashin saboda dokar da ta hana ƙanana bin manyan tituna, kuma ni ma ba dogo ba ne. Wanne zan nema? Daga Idi-Araba.

AMSA: Kai ka yi sa'a da ka tambaya kafin ka biya. Dokar hanya ta Legas ta ware mashinan da girman injinsu bai kai 200cc ba ne, kenan ba sai ka je 600cc ba. Ka duba Yamaha R3, sit ɗinsa milimita 780, ko Kawasaki Ninja 300 da 400 masu 785, ko Honda CBR500R shi ma 785, ka ga wajen santimita 7 ke nan ƙasa da R6 ba tare da an taɓa ko noti ɗaya ba, kuma R3 da Ninja 400 ba su kai kilo 175 ba. In ka je wurin mai sayarwa ka tafi da takalmin tuƙinka, ka ce ya cire sitan ka zauna, ka gwada tura shi baya da ƙafa ɗaya kafin ku fara ciniki.