Me Kiran Waya Zai Faɗa Mana Game Da Haɗurra?

Tambaya: Likita, na ji an ce a Amurka hukumar lafiya na buga wa mutane waya tana tambayarsu ko suna ɗaura bel a mota. Ina amfanin haka, tunda asibitoci na da lissafin waɗanda suka ji rauni? Kuma wa zai faɗa wa baƙuwar murya gaskiya?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fara wannan bincike, mai suna BRFSS, a 1984 da jihohi 15. Yanzu ya game jihohi 50, ana tattaunawa da manya fiye da 400,000 kowace shekara. Kwamfuta ce ke zaɓo lambobin ba tare da sanin masu su ba, kuma tun 2011 aka haɗa da wayar hannu, domin matasa da yawa ba su da wayar gida.

Rajistar asibiti ba ta san mutum ba sai bayan abin ya faru. Direban da ya shekara goma ba ya ɗaura bel, ba ta da labarinsa sai ranar da aka kwaso shi. Tsohuwar da ta zame a banɗaki, ta tashi ta shafa man zafi ta yi shiru, ita ma babu ita a lissafi. Ta hanyar tambayar mutane a waya aka gano cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na 'yan shekara 65 zuwa sama a Amurka na faɗuwa a shekara. Ana kuma tambayar ko mutum ya yi tuƙi bayan ya sha giya da yawa cikin kwana 30 da suka wuce.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi. Mutane na gyara amsarsu. Ka tambayi ɗan acaɓa ko yana sa hular kwano, zai ce "kullum", alhali tana rataye a hannun babur. Shi ya sa a Amurka ake tsayar da ma'aikata a bakin titi su ƙirga masu bel da ido, sannan a gwada da abin da aka faɗa a waya. Ni dai ban cika dogara da adadin shekara guda ba. Abin da nake dubawa shi ne yadda amsar tambaya ɗaya ke canzawa shekara bayan shekara, musamman bayan an kafa sabuwar doka.

A Najeriya ma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya sun bibiyi gidaje ta waya lokacin korona a 2020. Sai dai in za a yi haka kan haɗurra, a tuna da matar ƙauye da wayar ke hannun maigida. Ita ce ta san yaron da ya ƙone a murhu, da wanda ya sha kananzir a gorar ruwa. In ba a nemi jin bakinta ba, raunukan cikin gida ba za su fito a sakamakon ba.